Iskar Tayar Babur: Tambayoyin da Masu Mashin Ke Yawan Yi

Mai babur zai leƙa tanki ya ga mai, ya duba baƙin mai, ya goge ƙura, wani ma har ya ƙawata mashin ɗinsa da fitilu kala-kala. Amma taya, wadda ita kaɗai ke taɓa ƙasa, sai ranar da ta sace ake tunawa da ita. Na daɗe ina hawan ƙananan baburan nan da muka saba da su, a kwalta da burji, kuma waɗannan su ne tambayoyin da na fi ji a bakin abokai, 'yan acaɓa da samarin da suka sayi mashin na farko.

Wai me ya haɗa iskar taya da yadda babur ke bin hannu?

Durƙusa ka duba inda tayarka ke haɗuwa da ƙasa. Wurin bai kai faɗin tafin hannunka ba, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ƙarfin inji, birki, da duk kwanar da za ka sha, ta waɗannan 'yan wurare biyu suke bi. Iskar da ke cikin tayar ce ke ɗauke da kai, da goyonka, da mashin ɗin kansa. Aikin roba shi ne ta riƙe iskar, ta kuma kama hanya.

Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, tana zaune daram a ƙasa. Ta babur kuwa bayanta a zagaye yake kamar bayan ƙwarya, saboda babur sai ya ɗan kwanta kafin ya sha kwana. Iska ce ke riƙe da wannan zagayen. Idan ta yi daidai, kana karkata jikinka mashin zai bi ka cikin sauƙi, ya kwanta a hankali, ya tashi a hankali. Idan ta gaza, bayan ƙwaryar nan ya baje, sai ka ji kamar kana kokawa da kan babur. Idan kuma ta wuce kima, wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙara tsukewa, abin da ke riƙe da kai ya ragu. Mai mota yana da tayoyi huɗu, ɗaya ta yi rauni uku su rufa masa asiri. Kai biyu gare ka.

Ta yaya zan gane iska ta yi ƙasa alhali ina kan tafiya?

Idan ta gaba ce, kan babur zai yi nauyi. Za ka so shiga kwana ya riƙa turjewa, ko kuma da ka taɓa birki a cikin kwana ya nemi miƙewa ya fita waje. A tafiyar sannu, kamar cikin cunkoson kasuwa, sai ka ji hannunka na gajiya ba dalili.

Idan ta baya ce, gindin mashin zai riƙa lilo, kamar kana tafiya a kan katifa. Da yawa sukan ɗauka shokozoba ce ta mutu, su je su kashe kuɗi wajen bakanike, alhali iskar 'yan nairori ce matsalar.

Abin da ba ka ji shi ya fi haɗari. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, duk juyi ɗaya sai gefenta ya lanƙwashe ya miƙe. Ɗauki wayar ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta kana miƙewa, za ka ji ta yi zafi, daga nan ta karye. Haka zaren da ke cikin taya yake yi. A doguwar tafiya, musamman da lodi, wannan zafin ne ke cin tayar ta ciki har wata rana ta fashe ba tare da ta taka komai ba. Sannan ga rami: taya mai laushi idan ta faɗa rami, sai rim ya datse tiyub a tsakaninsa da bakin ramin. Mai faci zai fito da tiyub ya nuna maka 'yan huji biyu kusa da juna kamar saran maciji. Duk ranar da ka ga wannan, ka san ƙarancin iska ne ya jawo. Wani lokaci rim ɗin ma sai ya lotsa.

To ai mai faci ya ce gara taya ta yi tauri sosai, ta fi gudu kuma ba ta faci. Ba gaskiya ba ne?

Wannan ita ce maganar da na fi jin haushinta, domin ta taɓa kai ni ƙasa. Wata rana na tsaya a bakin hanya aka ƙara mini iska, yaron shagon ya yi ta durawa yana ƙwanƙwasa tayar da sifana har sai da ƙarar ta yi masa daɗi. Ban yi nisa ba na shiga wata 'yar kwana da iska ta watso wa yashi, na taɓa birkin gaba kaɗan, sai kawai na gan ni a ƙasa, gwiwa a ɗaye. Da na samu geji, wato abin auna iskar taya, daga baya na auna, tayar gaba ta haura psi 45 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar), alhali 25 ake so. Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da ya tarar ana yi ke nan. Ni ne ban tambayi lamba ba.

Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce taya mai tauri tana gangarawa da sauƙi. Amma kuɗin da kake biya ya fi ribar. Ba ta lafewa a ƙasa, tsalle take yi a kan kowane ɗan tsakuwa, kuma tayar da ke sama ba ta birki. Tsakiyarta kaɗai ke cin ƙasa, sai ka ga ta suɗe a tsakiya alhali gefe da gefe sabo fil. Duk girgizar hanya kuma tana hawowa kai tsaye zuwa ƙugunka da wuyan hannunka, tana kuma kwance notina.

A shekarar 1888 ne John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya sa wa keken ɗansa taya mai iska, kuma dalilinsa shi ne ya rage wa yaron jijjigar da tayar roba zalla ke yi. Iskar nan tun asali matashi ce tsakaninka da hanya. Wanda ya dura ta har ta zama dutse, ya koma gidan jiya.

Nawa ne daidai ke nan?

Wanda ya ƙera mashin ɗin shi ke da amsa. Duba ɗan littafin da ake bayarwa tare da sabon babur, ko takardar da ake mannawa a jikin murfin sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe da tayar baya.

Ga ƙananan babura masu inji 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer, TVS, Haojue da Jincheng, lambobin ba sa nisa da juna: wajen psi 25 a gaba, 28 ko 29 a baya idan kai kaɗai ne, sannan 32 ko 33 a baya idan da goyo. Manyan babura masu gudu sukan buƙaci fiye da haka, wasu 36 a gaba, 42 a baya. Don haka kada ka ari lambar maƙwabci sai in mashin ɗinku iri ɗaya ne.

Wani gejin ba psi yake nunawa ba, da ma'aunin bar ko kPa yake aiki. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, kuma shi ne kPa 100. Wato psi 25 kusan bar 1.75 ne, psi 29 kuma bar 2. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru sun fi cin karo da bar, to kada lamba 2 ta ba ka tsoro ka ce ta yi kaɗan.

Na ga an rubuta wata lamba ta psi a jikin tayar kanta. Ba ita zan bi ba?

A'a. Waccan tana faɗa maka iskar da tayar ke buƙata ne lokacin da aka ɗora mata iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. Kamfanin taya bai san a wane babur za a ɗaura ta ba. Bi lambar mai babur.

Me ya sa ake cewa a auna da safe?

Saboda iska tana kumbura idan ta ji zafi. Duk lambobin da kamfani ya rubuta, na taya mai sanyi ne, wato wadda ta huta kamar awa 3, ko wadda ba a yi fiye da kilomita ɗaya ko biyu da ita ba. Da ka yi tafiyar minti 20 a kwalta, geji zai nuna ƙarin psi 2 zuwa 4, wani lokaci fiye. Wannan ƙarin ba matsala ba ne, masu ƙira sun san da shi.

Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya tsaya tsakiyar tafiya, ya auna, ya ga 33 maimakon 29, sai ya sace iska. Washegari da safe tayar ta huce ta koma 25, ya hau hanya da ƙarancin iska bai sani ba. Kada ka taɓa rage iskar taya mai zafi. Idan dole ta sa ka ƙara iska a kan hanya, ƙara, amma ka sake aunawa gobe da sassafe kafin ka fita.

Ni da yatsa nake matsawa, kuma ban taɓa samun matsala ba. Dole sai geji?

Malam, yatsa yana gane tayar da ta sace ne kawai. Gefen tayar babur yana da tauri, musamman irin masu kauri da ake rubuta wa 6PR, waɗanda masu ɗaukar kaya ke so. Irin wannan tana iya sauka daga 29 zuwa 20 ka matsa ka ji ta gam. Bugu da ƙafa da ƙwanƙwasawa da ƙarfe duk sammakal.

Gwada da kanka sau ɗaya. Matsa tayarka, ka faɗi lambar da kake zato, sannan ka ɗora geji. Na yi wannan da mutanen da suka shekara 20 a kan mashin, ba kasafai ake dacewa ba. Kuma "ban taɓa samun matsala ba" ɗin nan, tambayi kanka taya nawa ka canja cikin shekara biyu, faci nawa ka yi. Mai yiwuwa matsalar tana nan, a aljihunka take fita.

Wane irin geji zan saya, kuma yaya ake amfani da shi?

Akwai mai kama da biro wanda sanda ke fitowa ta gindinsa, akwai mai agogo, akwai mai batir da ke nuna lamba. Kowanne ya yi, in dai naka ne kuma kana adana shi. Na fi son mai agogo mai ɗan guntun tiyo, domin ya fi sauƙin shiga tsakanin wayoyin wili. Bawul ɗin babur, wato bakin da ake sa iska ta cikinsa, da na mota iri ɗaya ne, don haka gejin mota zai yi maka aiki. Ana samun su wajen masu sayar da kayan gyaran mota da babur, kuma kuɗinsa bai kai na sabuwar taya ɗaya ba.

Me ya sa na ce naka? Gejin bakin titi yana shan wahala: yana faɗuwa ƙasa, yana kwana cikin ƙura da rana, wani allurarsa ta daɗe da daina faɗin gaskiya. Idan kana da naka, ko da yana kuskuren psi 1, kullum kuskure ɗaya yake yi, za ka san halinsa.

Aunawa kuwa ba wuya. Juya taya har bawul ya zo inda hannunka zai kai, kwance murfin, danna bakin geji a miƙe da ƙarfi har ƙarar "fisss" ta ɗauke, karanta. Idan ka ji iska na ta fita, bai zauna daidai ba, sake. Gama, ka ɗan shafa yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, ƙwayar cikinsa na yoyo. Sannan ka mayar da murfin. Mutane suna raina ɗan murfin nan, alhali shi ke hana ƙurar hunturu da taɓon damina shiga su hana bawul rufewa.

A wajen mai faci kuma, kada ka ce "ƙara mini iska" ka yi shiru. Ce masa, "Maigida, 25 a gaba, 29 a baya," ka miƙa masa gejinka cikin mutunci. Yawancinsu ba sa ƙi.

Sau nawa ya kamata in duba?

Sau ɗaya a mako ga mai zuwa aiki da dawowa. Ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu da ke wuni a hanya, duk bayan kwana biyu ko uku. Kafin kowace doguwar tafiya kuma, dole. Ka haɗa shi da wani abin da ba ka mantawa, misali safiyar Juma'a.

Ba ƙusa, ba ƙaya, amma iska na raguwa. Ina take zuwa?

Roba ba ta riƙe iska ɗari bisa ɗari. A hankali take silalewa ta jikin robar kanta, psi 1 ko 2 a wata ga lafiyayyar taya, mai tiyub kuma takan fi haka. Wannan ba ciwo ba ne.

Idan kuwa cikin kwana biyu ko uku kake rasa psi 3 ko 4, akwai inda take bi. Kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bawul, da gindin bawul, da zagayen rim idan tubles ce, wato taya marar tiyub. Wuraren da aka fi kamawa su ne ƙwayar bawul da ta saki, tsohon facin da ya fara ɗagowa, tsatsa a cikin rim, ko kan wayar wili da ya huda robar da ake shimfiɗawa a cikin rim yana sukar tiyub. Tiyub ɗin da aka yi wa faci uku ko huɗu, a haƙura da shi. Zafin kwaltar watan Afrilu yana ɗaga faci.

Ina ɗaukar goyo, wani lokaci da buhu. Sai in ƙara iska?

Ƙwarai, a tayar baya, zuwa lambar goyo da kamfani ya rubuta. Idan aikinka kullum ɗaukar mutane ne, bar ta a nan. Idan kuwa sau ɗaya ne, ka sauke kaya ka mayar da ita yadda take.

Sai dai akwai inda iska ba ta da magani, kuma a nan nake so masu kai kaya kasuwannin ƙauye su saurare ni. A jikin taya za ka ga rubutu kamar 3.00-17 50P. Lamba 50 ɗin nan tana nufin iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 190 ne. Da 47 ce, kilo 175. Da 52 ce, kilo 200. Harafin P kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 150 a awa. To yi lissafi: mashin kansa ya haura kilo 100, kuma fiye da rabin nauyinsa a baya yake. Ga kai. Ga buhun masara mai kilo 100 a kan kariya, wani ma biyu yake ɗorawa, ko buhunan siminti uku masu kilo 50-50. Tayar baya ta wuce iyakarta tun kafin a tayar da inji. Dura mata psi 50 ko 60 ba zai ƙara mata zare ba.

Lodin da ya koma baya sosai yana kuma ɗage tayar gaba, sai kai ya yi sakayau yana rawa, birkin gaba ya rage kamawa. Na san halin da ake ciki, sawu biyu shan mai biyu ne. Amma in ba yadda za a yi, a matso da kayan gaba gwargwadon iko, a rage gudu sosai, a riƙa tsayawa taya na hucewa.

Shin yanayi na canja iskar taya?

Sosai. Duk sauyin digiri 10 na ma'aunin Salsiyos yana ɗaga ko sauke iskar tayar babur da kusan psi 1 zuwa 1.5. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram, safiyar hunturu a Disamba da Janairu takan sauko ƙasa da digiri 15, alhali ranar bazara a Afrilu takan haura 40. Wanda aka sa wa iska da tsakar rana a watan Oktoba, ya wayi gari cikin sanyin Janairu, zai iya rasa psi 3 ko da ko ɗigo bai fita ba, ban da wadda ta silale da kanta. Shi ya sa da sanyi ya shigo mutane ke ta kukan tayarsu ta yi laushi.

Da bazara, wasu kan rage iska wai don kada zafi ya fasa taya. Niyyar mai kyau ce, amma akasin haka take haifarwa, domin tayar da ba ta da iska ita ta fi yin zafi. Sa lambar kamfani da safe, ka bar ta.

Da damina ma haka. Zanen da ke jikin taya magudanar ruwa ne, kuma iska ce ke buɗe shi. Taya mai laushi tana matse magudanan, ruwa ya rasa hanyar fita. A kiyayi ruwan farko musamman, wanda ke taso da man da ya daɗe yana ɗiga a kwalta.

A hanyar yashi fa? Na ji ana cewa a rage iska.

Wannan gaskiya ne. A rairayi mai zurfi, irin na hanyoyin ƙauyukan arewacin Yobe, Jigawa ko cikin Nijar, rage iska kaɗan yana faɗaɗa tafin taya ta riƙa hawa kan yashi maimakon nutsewa. Masu tseren sahara ma haka suke yi, sai dai su baburansu na da wani maƙali da ke damƙe taya a jikin rim. Namu ba su da shi. Don haka kada ka zarce. Rage psi 4 ko 5 daga lambar kamfani ya isa, kuma ba da lodi mai nauyi ba. Da ka hau kwalta ko burji mai duwatsu, mayar da iskarka. Mai bin irin wannan hanya ya kamata ya riƙa yawo da ɗan famfon hannu, ko na keke ne in bakinsa ya dace.

Na ga bawul ɗina ya karkace, ba ya tsaye. Komai ne?

Komai ne babba. Alama ce cewa taya tana zamewa a kan rim tana jan tiyub, kuma ƙarancin iska ke kawo haka, musamman wajen birki mai ƙarfi. Idan aka bar shi, wata rana zai tsinke daga gindi, iska ta fita gaba ɗaya lokaci guda, kuma irin wannan ba ya facuwa. Je a sace iskar, a gyara zaman tayar har bawul ya miƙe, a sa iska daidai. Ɗan notin da ke gindin bawul kuma kada a ɗaure shi tamau a jikin rim, domin yana ɓoye maka wannan karkatar.

Tubles ta fi mai tiyub?

Ta fuskar tsaro, ta fi. Ƙusa ta shiga tubles, yawanci tana toshe hujin da kanta, iska na fita a hankali har ka isa gida. Mai tiyub kuwa tana iya sacewa cikin daƙiƙoƙi. Amma wannan alherin shi ne tarkonta: mutum zai yi mako yana yawo da ƙusa, iska na raguwa kaɗan-kaɗan bai sani ba. Mai tubles ya fi kowa buƙatar geji. Kuma tana son lafiyayyen rim. Wili mai wayoyi irin na yau da kullum ba ya riƙe iska sai da tiyub.

Da gaske ƙarancin iska na shan mai?

Tura babur mai saccen taya daga ƙofar gida zuwa bakin titi, ka ji yadda za ka yi gumi. Abin da inji ke fama da shi ke nan, a ƙaramin mataki, duk tsawon wuni. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, ba mai mashin da ke wasa da ko rabin lita.

Wasu wurare na sayar da iskar naitirojin. Ta cancanci kuɗinta?

Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Zallarta takan ɗan fi jimawa a taya, amma ga ƙaramin babur bambancin bai taka kara ya karya ba. Sayi geji da kuɗin.

Iskata daidai take, amma har yanzu kan mashin na rawa. Me ya rage?

To yanzu ne ya dace a je wajen bakanike, tunda an kawar da abu mafi arha. A duba ko tayar ta zauna daidai a rim: akwai siririn layi a zagayen gefenta, ya kamata nisansa da bakin rim ya zama ɗaya ko'ina. A duba ko rim ya lanƙwashe, ko wayoyin wili sun saki, ko boris ɗin wili ko na wuyan babur ya ci. A duba ko tayar baya ta karkace lokacin da aka ja sarƙa, wannan yana yawan faruwa. Idan tayar na da kibiya a gefe, a tabbata tana kallon inda wili ke juyawa. Tayar da ta daɗe tana aiki a miƙaƙƙiyar hanya kuma takan baje a tsakiya ta yi kafaɗu, sai ka ji mashin na faɗawa kwana farat ɗaya. Wannan sai canji.

Yaushe taya ke tsufa? Ta gwanjo fa?

A gefen taya nemi ƙaramin alamar kusurwa uku ko haruffan TWI. Bi shi zuwa cikin zanen, za ka ga ɗan tudu a cikin kwarin. Ranar da zanen ya suɗe ya yi daidai da tudun nan, tayar ta gama aiki, ko da ba ta taɓa faci ba.

Shekaru ma suna ci. A yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa, ranarmu kuma tana gaggauta hakan. Taya ta kai shekara 5, a riƙa duba ta da idon basira. In ka ga tsage-tsage a gefe kamar faso, ko wani ƙullutu ya kumburo, kada ka ƙara kwana da ita. Ta gwanjo kuwa, zanenta na iya yin kyau alhali ba ka san sau nawa aka yi tafiya da ita a sace ba, kuma wannan ɓarnar a ciki take. In ka sa sabuwa, bi ta a hankali kilomita 100 na farko, domin fuskarta na da ɗan santsi.

Idan taya ta fashe ko ta sace ina cikin gudu, me zan yi?

Abin da jiki zai ce ka yi shi ne ka damƙe birki. Kada ka yi. Riƙe kan babur da kyau da hannu biyu, ka saki totur a hankali, ka miƙe hanya, kada ka yi wata kwana ta gaggawa. Bar mashin ya rage gudu da kansa. Idan gudu ya sauka, taɓa birkin tayar da ke da lafiya sannu-sannu: ta gaba ce ta tafi, yi amfani da na baya, ta baya ce, na gaba. In da goyo, ce masa ya zauna daram kada ya yi yunƙurin dira. Sai ka gangara gefen hanya.

Daga nan sauka ka tura. Na san nisa da rana suna sa mutum ya ce bari in lallaɓa a kai zuwa wajen mai faci, amma 'yan mitoci kaɗan a kan saccen taya sun isa su tsinke bawul, su yanka gefen tayar, su lotsa rim. Idan an gama facin, kafin ka biya, karɓi tsohuwar ƙusar ko ƙayar ka gani da idonka, ka sa a laluba cikin tayar da hannu ko akwai wata, sannan ka faɗi lambar da za a sa.